Layin da Ban Karanta Ba

Ku 'ya'yanmu uku da aka ɗauka aiki bana, na ji abin da kuke faɗa a ɗakin shayi. Wai teburin Khala Zainabu teburin hutu ne. Mutum ya zo neman bayani a kan tamwilin gidaje, wato kuɗin da banki ke sa wa a sayen gida, a danna na'ura, takarda ta fito, a buga hatimi, halas, shi ke nan. Ɗayarku har cewa ta yi da za a ba ta kujerar nan, da wata uku ya ishe ta yin ƙiba. To, kallon kitse kuke wa rogo. Kujerar za ta zama ta ɗayarku kafin azumi, don ni zan ajiye aiki, kuma ba zan miƙa mabuɗin durowata ga wadda ba ta san nauyinsa ba. Da Hausa na rubuta, ko da na san da Larabci za ku amsa mini, saboda abin da zan ba ku labari da Hausa ya faru. Wadda karatun ya yi mata wuya ta kai wa uwarta.

Ni ba da takardar jami'a na shigo bankin nan ba. Da bokiti na shigo. A Madina aka haife ni, kakannina da ƙafa suka iso daga ƙasar Hausa, hawiyyata, katin shaidar ɗan ƙasa, irin taku ce, amma har na haifi 'ya'ya uku ban iya karanta sunana ba, sai surorin salla da na riƙe da ka. Aikina a ɓangaren mata shi ne goge ƙasa, dafa shayi, da kai takardun da aka gama da su wurin injin da ke yayyanka su. Wannan na ƙarshen Abla Fauziyya ce ta ba ni, matar da ta riƙe teburin nan kafin ni, Balarabiya 'yar Madina, doguwa, marar dariya. Ba don ta ƙaunace ni ta zaɓe ni ba. Don ban iya karatu ba ne. Takardar da ke ɗauke da albashin mutum da sirrin gidansa, a hannuna daidai take da takardar ƙunshe gyaɗa.

Na ba talatin baya sosai sannan na shiga makarantar manya a unguwar Aziziyya, kullum bayan la'asar, ina zaune da tsofaffin da suka haife ni. Wata rana ina hanyar injin da takardu a hannu, sai idona ya karanta sunan wata maƙwabciyarmu da kansa, ban aike shi ba. Na juyo na dire takardun a gaban Abla.

"Abla, nemi wata ta riƙa kai miki. Na iya karatu."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Me kika gani?"

"Abin da na gani na gani. Ba za ki ji shi a bakina ba."

"Ni na rubuta takardar, ya Zainab."

"To kin riga kin sani. Me zan ƙara miki?"

Ta jawo kujera da ƙafarta, ta ce in zauna. Daga ranar ina goge ƙasa da safe, ina zama gefenta bayan azahar, har na gama karatun manya, ita kuma ta rubuta wa shugabanni aka mayar da ni ma'aikaciyar tebur.

Aiki na farko da ta ba ni, takarda ɗaya ce tak. Wani ofishi da ke nazarin harkar gidaje ya nemi samfurin yarjejeniyar murabaha, wato wadda banki ke sayen gida ya sayar wa mutum ya riƙa biya wata-wata. An amince a ba su, amma sai an ɓoye mai yarjejeniyar. Abla ta miƙo mini baƙin alƙalami mai kauri da rula ta ƙarfe. Na ɗora rula, na shafe suna, na shafe lambar hawiyya, na shafe waya, layi a miƙe kamar na tela. Na miƙa mata ina jin kaina. Ba ta ko kalli takardar a kan tebur ba. Ta tashi ta je taga, ta ɗaga ta sama, rana ta ratsa, sai ta karanto mini sunan mutumin har da na kakansa. Baƙin alƙalami ba ya kashe rubutu, lulluɓe shi yake, kuma haske na yaye lulluɓin. Ta ce in saka a injin hoto, in sake shafe hoton, in sake ɗaukar hoton hoton, na ukun shi ke fita daga banki, na farko da na biyu su tafi injin yanka. Shekaru na yi ban saki takarda ba sai na kai ta taga. Har yau idan kun ga na ɗaga takarda sama kamar mai duban wata, ba tsufa ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Alƙalamin nan, rular nan, hatimi, da babban littafin shiga mai koren bango. Duk wanda ya nemi bayani sai ya rubuta abin da yake nema da hannunsa, ya nuna hawiyya, ko iƙama, takardar izinin zama, idan baƙo ne, idan daga makaranta ko ofishi yake ya kawo wasiƙarsu. In shigar da shi littafi da ranar da ya zo, in ba shi lamba, in gaya masa ranar da zai dawo. Abla ta hana ni abu biyu: cewa "a'a" da baki, da cewa "to" da baki. Wanda kika ce wa a'a a tsaye, kin zalunce shi, don wataƙila yana da haƙƙin abin da ya nema. Wanda kika ce wa to a tsaye, kin yi alkawari da dukiyar da ba taki ba. A rubuta, a tura babban ofishi, su amsa a rubuce. Kuma ranar da kika ce wa mutum ya dawo, ko da hannu wofi ne ki tarbe shi da dalili. Mutane na yafe jira. Ba sa yafe a mayar da su ƙwallo.

Mai neman nasa bayanin ba shi da wahala, nasa ne, a tabbatar shi ne, a ba shi. Wahala tana wurin mai neman na wani ya saka masa rigar na jama'a. Akwai wani dillalin gidaje daga unguwar Sultana da ya shekara yana zuwa tagar da ke tsakanin ɓangaren maza da namu, kullum da sabuwar dabara. Yau yana son sanin unguwar da aka fi neman gida, gobe titin, jibi ginin. Na ce masa, "Ya Shaihu, saura ka tambaye ni launin ƙofa." Ya yi dariya ya ce to launin ƙofar ma yana so. Akwai kuma wata tsohuwa tamu, ta zo da sandarta ta zauna, ta gaishe ni har da tambayar jikoki, sannan ta matso.

"Zainabu, 'yar gidan wance da ta sayi gida, da kuɗinta ne ko da na banki?"

"Inna, rubuta ɗalab, takardar neman bayani."

"Ni da ban iya rubutu ba?"

"To zan rubuta miki. In sa sunanki, in sa nata, in sa dalilin da ya sa kike son sani. Mene ne dalilin?"

Ta tashi tana cewa 'ya'yan yanzu ba su da kunya. Ni kuwa lokacin na kusa hamsin.

Amma kada ku ɗauka aikinmu hanawa ne. Jama'a na da haƙƙin su san yadda banki ke mu'amala da masu neman muhalli: wace unguwa ake ba tamwili, wace ake ja da baya, mata na samu ko sai maza. Idan ba a fitar da irin wannan ba, mai zalunci ya samu inuwa. Abin da ake bayarwa shi ne jadawalin taro, mutane a dunƙule rukuni-rukuni, yadda za a ga garke ba za a ga tunkiya ba. Wannan shi ne duk sana'ar. Na san shi kamar sunana. Kuma da saninsa na yi abin da na yi.

Shekarar da ta ƙi ni ita ce shekarar da aka kwashe komai daga takarda aka zuba a na'ura. Idon Abla Fauziyya ya mutu, ta ajiye aiki, tebur ya zama nawa ni kaɗai. A daidai lokacin mata suka yi ta tururuwar neman gida da sunansu, malaf a kan malaf, wato fayil a kan fayil, masu neman bayani kuma suka ƙaru har littafin shiga ya cika kafin rabin shekara. Sabon nizamin, wato sabon tsarin, koyonsa nake kamar yadda na koyi alifi, a makare, da haushi. Amma abu ɗaya ya burge ni a cikinsa. Abin da nake kwana uku ina shafewa da rula, yanzu in taɓa kan shafi in danna, duk sunaye su ɓace lokaci guda.

A cikin shekarar Malama Hadiza ta kawo malaf ɗinta. Malamar makarantar 'yan mata ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, suna zaune a saman gidan wan mijin, Alhaji Bawa, a Aziziyya. Bai taɓa karɓar haya a hannunta ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ta samu wani ƙaramin gida a unguwar Bani Harisa, tana neman banki ya saya mata ta riƙa biya daga albashinta. Da ta gama da mai karɓar malaf sai ta biyo ta teburina, ta sunkuyo, ta bar Larabci ta koma Hausa.

"Khala, ko inuwata ban gaya wa ba. Idan Alhaji ya ji a bakin wani, zai ce na tona masa asiri, na nuna wa duniya ya kasa riƙe marayun ƙaninsa. So nake sai mabuɗi ya zo hannuna, in ɗauki dattawa biyu mu je mu yi masa godiya, in fita ta ƙofa da mutunci."

"Malama," na ce mata, "abin da ya shigo ɗakin nan ba ya fita da ƙafarsa."

Haka na faɗa, da bakin nan.

Bayan wata biyu ko uku wani ɗalibi ya tsaya a tagar maza da wasiƙar jami'arsu. Malam Sani sunansa, daga ƙasar Kano, siriri, mai ladabi. Ya fara da Larabcin littafi irin nasu, wanda ko mai sayar da tumatir sai ya tsaya ya saurara. Da ya ga sunan da ke ƙirjina sai ya saki Hausa.

"Baba, ashe ta gida ce! Ina wuni, ina gajiya?"

"Lafiya lau, Malam. Me ke tafe da kai?"

Bincike yake a kan yadda mata ke samun tamwilin gida ta hanyar murabaha a Madina. Na sa shi ya rubuta, na shigar da shi littafi, na tura sama. Amsa ta dawo: a ba shi, ba suna, ba abin da zai nuna mutum. Na haɗa masa jadawalin taro kamar yadda aka saba. Ya duba, fuskarsa ta faɗi.

"Baba, wannan ba zai yi ba. Malamina ya ce sai layi-layi, kowace mai nema da layinta, don in gwada shekaru da sana'a da sakamako. Wallahi ba na son sunan kowa. Me zan yi da suna? Idan ban miƙa kafin hutun Hajji ba, shekara ta wuce ni, iƙamata kuma a kan karatun take. Ki taimaki ɗanki."

Da Balarabe ne ya faɗi haka, da na ce ya sake rubuta ɗalab a tura sama ya jira. Amma yaron nan ya ce mini Baba da muryar garin kakannina, ga layin mata a bayana har bakin ƙofa, ga hutu saura kwana biyu. Na ce a raina amsar sama ta ce ba suna, to ba suna zan ba shi. Na buɗe na'ura, na fito da malaf ɗin mata na watannin da ya nema. Na danna, sunaye suka tafi. Na danna, hawiyya ta tafi. Na danna, waya da lambar gida suka tafi. Abin da ya rage: shekaru, aure ko rashinsa, sana'a, yawan 'ya'ya, unguwar da take, unguwar da take nema, da inda malaf ya tsaya. Na buga, na kai wa mudira, shugabar reshenmu. Ta bi kan shafukan da biro, ta ga ba suna, ta sa hannu. Ba laifinta ba ne. A idonta Aziziyya unguwa ce mai dubban gidaje. Ni kaɗai a ginin nan na san cewa a wurinmu Aziziyya tsakar gida ɗaya ce.

Har na ɗaga takardar a taga, ku ji. Saboda sabo. Rana ta ratsa, ba abin da ya fito, na buga hatimi.

Ga abin da nake so ya zauna muku. Da a ce da alƙalami da rula na yi aikin nan, dole in bi layi ɗaya-ɗaya, dole idona ya sauka a kan kowace mace kafin in shafe sunanta. Da na iso layinta na tsaya. Na'ura ta ɗauke mini wahalar, ta ɗauke mini karatun tare da ita. Shafi uku na saki ban karanta layi ko ɗaya ba.

Ranar da aka koma aiki bayan hutu, tun ban ajiye jaka ba aka ce ana nemana a taga. Malam Sani ne, idonsa ja, takardun a naɗe a hannunsa. Ya ce akwai wani gida a Aziziyya da ake tara ɗalibai cin abinci bayan sallar Juma'a, dattawan unguwa ma na zuwa. Hira ta kai kan gidaje, wani dattijo ya ce mace ba ta neman gida ita kaɗai sai dai a ƙasar Turawa. Shi kuma ga hujja a aljihu, sai ya zaro don ya ci gardama.

"Na ce musu ga ma wata nan. Mijinta ya rasu, malamar makaranta, 'ya'ya huɗu, tana nan Aziziyya, tana neman Bani Harisa, malaf ɗinta na hannun masu dubawa. Baba, ban rufe baki ba wuri ya yi tsit. Wani Alhaji ya tsame hannunsa daga faranti, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tashi ko hannu bai wanke ba. Wallahi ban san kowa ba ce. Ba suna a jiki!"

"Ba ni takardun."

"Baba, binciken..."

"Ba ni, na ce. Akwai hotonsu a wayarka?"

Ya goge a gabana. Ban zage shi ba. Shi baƙo ne, layi ya gani. Ni ce na san mai layin.

Kafin azahar Malama Hadiza ta shigo. Ba ta ɗauki lamba ba, ba ta zauna ba. Ta tsaya a gaban teburin nan, a daidai inda kuke ajiye kofunan shayinku.

"Khala, Alhaji ya ce tunda gidansa ya zama mini kurkuku har ina neman banki ya fanshe ni, ƙofa a buɗe take. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. A gaban 'ya'yana ya faɗa. Mutum biyu suka san maganar nan, ni da bankin nan. Ni ban faɗa ba."

"Ni ce," na ce.

"Ke kika gaya masa?"

"Ban gaya masa ba. Na saki takarda da layinki a ciki, na cire sunanki na bar duk abin da ya fi suna. Ban karanta ba."

"Ba ki karanta ba." Ta maimaita shi a hankali, irin yadda malama ke maimaita amsar ɗaliba don aji ya ji. "Ke da aka ce da girmanki kika je kika koyi karatu."

Ta gyara mayafinta ta fita.

Na shiga wurin mudira na zayyana mata komai. Ta jawo kwafin da ke ajiye, ta sake bin sa da biro, ta ce, "Ya Zainab, ba suna, ba hawiyya. Nizami bai karye ba. Wannan matsalar danginsu ce." Na ce mata amsar sama ba suna kaɗai ta hana ba, ta hana duk abin da zai nuna mutum, kuma an nuna mutum a gaban faranti. Na ce a rubuta. Ta ce idan an rubuta zai shiga malaf ɗina, ƙarin girman da nake jira ya tafi. Na ce a rubuta, kuma a rubuta cewa ni na kawo mata ta sa hannu ba tare da na gaya mata abin da na sani ba. Aka rubuta. Takardar gargaɗin tana nan a durowar da zan ba ɗayarku mabuɗinta, a sama, ba a ƙasa ba. Ƙarin girman bai zo ba har yau, shi ya sa kuka same ni a kujerar da Abla ta bar ni.

Kada ku ɗauka wannan ya biya wani abu. Dattawa sun je wurin Alhaji Bawa sau biyu, ya ce magana zarar bunu ce. Ƙarshen wata Malama Hadiza ta kwashe 'ya'yanta zuwa haya a Sultana, ɗaki biyu a saman shagon masu walda, inda yara ke haddar karatu da ƙarar ƙarfe a kunne. Kuma da ta sauya adireshi, haya ta hau kan albashinta, sai masu dubawa suka ce halinta ya canza, malaf ya koma farko. Wannan ba zalunci ba ne, ƙa'ida ce, ni ma na san ta. Mai gidan Bani Harisa ya jira iya jiransa, ya sayar wa wani. Duk wannan a gaban idona ya bi ta na'ura, mataki-mataki, ina gani ba ni da ikon taɓawa.

Malam Sani na sake haɗa masa jadawalin taro, na rubuta wa malaminsa dalili a takardar banki. Aka karɓa. Ashe tun farko da an tambaya da an karɓa.

Na je gaida Abla Fauziyya a gidanta, tana zaune ba ta ganin ko hannunta. Na ba ta labari tun daga taga har walda. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kin kai ta haske?"

"Na kai."

"Kin karanta ta?"

"A'a."

Ta kira 'yarta ta ce a ƙaro mini shayi. Ba ta sake tayar da maganar ba har na tafi, har ta rasu.

Tun daga shekarar ga yadda nake aiki, ga kuma yadda mai gadon kujerar nan za ta yi, ko ta so ko ta ƙi. Layi-layi ba ya fita daga ɗakin nan sai da sabuwar amsa daga sama a rubuce, ko mai nema ya yi kuka da hawaye, ko da Hausar kakarki ya roƙe ki. Wanda ya kira ki Baba ko Khala, ki amsa masa da fara'a, ki miƙa masa biro. Idan kin haɗa jadawalin taro, ki duba kowane rukuni. Wanda mutanen cikinsa suka yi kaɗan har za a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, ki haɗe shi da na kusa da shi: unguwa ta zama yanki, shekaru su zama tsakanin kaza da kaza, malamar makaranta ta zama ma'aikaciya. Sannan ki rufe ƙofa ki karanta kowane layi da murya, yadda kunnenki zai ji. Kuna dariya idan kun ji ni ina yi, kuna cewa Khala na wuridi. Ba wuridi ba ne. Ina karantawa ne kamar ina zaune a gidan biki a Aziziyya, tsofaffinmu sun kewaye ni, ina jira in ji ko wata za ta ce, "Af, ai wance ce!" Idan na ji muryar nan a kaina, layin bai fita. Na'ura ba ta san gidan biki ba. Mudira ma ba ta sani ba. Ku kun sani, ko da kuna amsa wa iyayenku da Larabci, kuma saboda wannan sanin ne na roƙa a ba ɗayarku teburin.

Malama Hadiza ta samu gida daga baya. Shekara uku ta yi a saman masu walda, sannan malaf ɗinta ya wuce, ta sayi wani da bai kai na farko ba, can bayan gari, nesa da makarantarta. Babbar 'yarta a Sultana aka ɗaura mata aure, kuma Alhaji Bawa bai zo ba, ƙanin uwa ne ya tsaya. An yi walimar shiga sabon gidanta, duk Aziziyya ta je. Ni ba a gaya mini ba, kuma daidai ne.

Har yanzu a reshen nan take mu'amala. Kun san ta, ba ku dai san kun san ta ba. Ita ce mai baƙar jaka da tabarau, wadda ke zuwa farkon wata bayan an tashi makaranta. Idan layi ya yi tsawo ana turo mini masu ƙananan buƙatu, sai lambarta ta faɗo a kan teburina. Za ku ga ta dubi allo, ta dubi takardar hannunta, ta ninke ta biyu ta saka a jaka, ta koma wurin na'ura ta ciro wata, ta zauna ta sake jira daga farko. Makon jiya ɗayarku ta ce mata, "Ya Khala, ga tebur can ba kowa." Ta ce, "Na gani, 'yata. Ba na sauri."

Bayan azumi, idan lambarta ta faɗo a kan teburin nan, ba ni za ta tarar ba. Wataƙila ta taso ta zo. Idan ta zo, wadda ke kan kujerar ta miƙe tsaye ta gaishe ta, ta yi mata abin da ya kawo ta, kada ta ambaci sunana, kada ta nuna ta san komai. Idan kuma ta ninke takardar ta koma ta ciro wata, ku ƙyale ta. Ba ni kaɗai take gudu ba, teburin ne, kuma sai mai zama a kansa ta shekara tana karanta kowane layi kafin ta cancanci matar nan ta zauna a gabanta.